Layi Biyu a Dutsen Rabo

Litinin, 6 ga Maris 1978, bayan la'asar

Na sayi littafin nan ne don rubuta magungunan da ke ƙarewa a disfensare. Yau dai ba magani ne a raina ba.

Wasiƙa ta zo wa Mai Gari daga Tarayyar Fataken Shanu, wadda ta haɗa kasuwannin dabbobi tun daga Maraɗi da Tasawa har ƙasar Ƙanƙara da Faskari. Sun ce in Dutsen Rabo na son komawa cikinsu, ƙofa a buɗe take zuwa ƙarshen wata.

Shekara huɗu ke nan da fitarmu. Dokar Tarayya ita ce duk garin da ke ciki ya buɗe burtalinsa da rijiyoyinsa ga garken kowane ɗan Tarayya, ko daga wace ƙasa ya fito, su kuma fataken garin su saya su sayar a kowace kasuwarta ba mai tare su. A shekarar fari shanu suka gangaro daga arewa ba iyaka, suka shanye rijiyoyinmu uku cikin kwana goma sha biyu. Mutane suka koma shan tafki. Yara tara muka binne. Ɗaya ita ce Alheri, ɗiyar Yaya Barau. Shi ya ja gaba aka fita.

Tun daga nan manyan motocin da ke kwasar shanu zuwa Legas wucewa suke ta bakin garinmu su tsaya Yankara. Kuɗin fetur ya sa kowa a kudu na cin nama, kasuwar kowa na cika, tamu ciyawa ta fito a karar shanunta. Samari sun tafi Kaduna leburanci. Mai cewa a koma shi ne Alhaji Mamuda, surukina, mahaifin matata Barakatu.

Wana a can, surukina a nan.

Mai Gari ya ce Alhamis 30 ga wata za a tsaya layi biyu a filin makaranta a ƙirga kawuna.

Laraba, 8 ga Maris, da hantsi

Hedimasta ya ƙi karanta wasiƙar a gaban jama'a. An ce ni zan karanta gobe, wai ni na kowa ne tunda kowa na yi wa allura.

Alhamis, 9 ga Maris, bayan magariba

Na karanta. A kan benci na tsaya, gindin tsamiyar kasuwa.

Da na zo inda Tarayya ta yi alkawarin haƙa rijiya biyu a bayan gari don shanu kaɗai, 'yan komawa suka yi ta tafi. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "To, kun ji. Malam Hadi, ya isa haka."

Na ce, "Alhaji, da saura."

Na karanta sauran. Dokar burtali tana nan yadda take, ba a cire wa kowane gari ita ba, ko da fari ko ba fari.

Yaya Barau ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rijiyar takarda ba ta shayar da yaro. In fari ya dawo, wa zai rufe burtalin? Wanda ke zaune Maraɗi, ko wanda ke zaune Legas yana cin nama?"

Alhaji ya ce, "Barau, garin da samarinsa suka watse, wa zai sha ruwan da kake tsaro? Shekara huɗu muna zaune mu kaɗai. Me muka samu?"

"Ba mu binne yaro tara ba."

Ban ga wanda ya fara jifa ba. Na dai ji dutse ya bugi bencin, sai na ga gorori sun tashi sama. Rumfar mai nama ta faɗi kan wuta.

Kai huɗu na ɗinke, kunne ɗaya, da wani tsoho da aka tattake masa haƙarƙari. Biyu 'yan komawa, sauran 'yan tsayawa. Na zaunar da su a benci ɗaya suna jiran layi, jini na ɗiga a siminti, ba mai kallon wani.

Yanzu kowa na jin haushina. Waɗannan don na karanta, waɗancan don ban tsaya inda aka ce ba.

Juma'a, 10 ga Maris, da safe

An rubuta MUN FITA da gawayi a bangon disfensare. Na wanke.

Lahadi, 12 ga Maris, da azahar

Harisu ya zo da a-kori-kurar babansa ya tsaya a inuwar darbejiya. Shi ne wan Barakatu, kuma tun ajin farko muke benci ɗaya da shi. Ta dalilinsa na san gidansu.

Ya ce, "Malamin allura, an ce ka haɗa gari faɗa da baki ɗaya."

Na ce ba abin dariya ba ne.

Ya ce, "Ni ko a koma ko a tsaya, ni dai a ba ni babbar mota in ga tekun Legas da idona. Baba ya ce in an koma zai saya. To ka ga ni ɗan komawa ne saboda teku."

Ya kawo wa Barakatu mangwaro daga Daudawa. Ya ci uku a cikinsu kafin ya ba ni.

Talata, 14 ga Maris, bayan la'asar

Na je gaida Dada, mahaifiyarmu. Tana gidan Yaya tun rasuwar Baba. Na tarar da samari kusan ashirin a zaure, wasu na wasa adda a dutse. Da na yi sallama suka yi shiru, wasan addar bai tsaya ba.

Yaya ya raka ni bakin ƙofa. Ya ce, "Ranar layi ina za ka tsaya?"

Na ce ma'aikacin gwamnati ba ya shiga layi.

"Kai ka wanke Alheri da hannunka."

Na ce ban manta ba.

Ya ce, "To."

Dada ta ba ni ƙuli-ƙuli in kai wa Barakatu. Ta ce, "Ka gaya wa wanka ya kori yaran nan daga zaure. Ni na gaya mashi, bai ji ba."

Juma'a, 17 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ana tsakiyar huɗuba aka shiga garken Alhaji. Ba a saci ko ɗaya ba. An bi shanu goma sha ɗaya an sare musu agara, an bar su suna jan gindi a ƙasa suna kuka. Muna sallamewa muka ji su.

Makiyayin Alhaji, Rabo, ya yi ƙoƙarin tare su. An sare shi a kafaɗa har ƙashi ya bayyana. Ɗinki goma sha tara. Yana ta ce mani, "Malam, ka bar ni in je in yanka su, suna wahala." Sai da mutum biyu suka danne shi.

Mahauta sun yi ta yanka har yamma. An raba naman sadaka. Wasu gidaje sun mayar da shi.

Asabar, 18 ga Maris, da hantsi

Rumbunan Yaya biyu sun ƙone ƙurmus, da rana tsaka, kowa na gani. Dawar shekara guda. Dada ta ƙone a hannu wajen jawo buhun iri.

Na ɗaure mata. Ba ta yi ko tari ba.

Lahadi, 19 ga Maris

Aidin na wanke rauni ya kusa ƙarewa. Zare ma.

Litinin, 20 ga Maris, bayan la'asar

Mai Gari ya tara dattawa. Wasu sun ce a ɗage layin, wasu sun ce ɗagewa ƙarin jini ne. An rabu a kan cewa Tarayya ta aiko da wakilai biyu su yi wa mutane bayani da bakinsu ranar Alhamis. Harisu zai ɗauko su daga tashar Yankara.

Barakatu ta ce, "Me ya sa sai shi? Direbobi sun ƙare ne?"

Na ce kowa na son Harisu, ba mai taɓa shi.

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Laraba, 22 ga Maris, da safe

Mata sun daina zuwa rijiya ɗaya. 'Yan komawa ta gabas, 'yan tsayawa ta masallaci. Wata ta zo da goshi a fashe, an buga mata guga.

Alhamis, 23 ga Maris

Ba zan iya ba yau.

Juma'a, 24 ga Maris, bayan sallar Juma'a

An yi jana'iza da safe. Bari in rubuta yadda ya faru, ko zan samu in daina gani.

Wajen ƙarfe biyu na rana jiya na ji gudun mutane. An shigo da Harisu a kan ƙyauren ƙofa. An ce an gicciya itace a kan ƙaramar gadar hanyar Yankara, ya tsaya, aka fito daga cikin sabara da duwatsu da gorori, fuskoki a naɗe da rawani. An farfasa gilashin gaba. Wakilan biyu sun tsallaka rafi sun gudu, ɗaya da karyayyen hannu. Shi bai gudu ba. Wani mai itace da ya hango daga nesa ya ce ya ga Harisu ya fito ya ɗaga hannuwa yana magana, kamar mai magana da wanda ya sani. Sai wani ya cusa hannu ta gilashin da ya fashe don zare makulli, Harisu ya riƙe shi, suka yi kokawa.

Sara ɗaya ne, a gefen wuya zuwa ƙashin kafaɗa. Na danna auduga, ta jiƙe, na sake, ta jiƙe. Na cire rigata na danna. Na sa aka fitar da kowa don ya samu iska.

Idonsa biyu. Ya gane ni. Ya ce, "Malamin allura." Na ce ya yi shiru. Ya jawo ni da hannun hagu, ya yi mani magana a kunne. Kalma uku.

Mun sa shi a motar wani mai hatsi za mu Funtuwa. Ba mu kai Daudawa ba.

Ni na rufe masa ido. Na ce wa direba ya juya.

Asabar, 25 ga Maris, da hantsi

Barakatu tana gidansu zaman makoki. Na share siminti sau uku, har yanzu akwai tabo a bakin ƙofa.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ya zo ta ƙofar baya. Hannunsa na dama a naɗe da tsumma, ya kumbura har gwiwa, yana wari. Ya ce lauje ne.

Na warware. Yanka ne dogaye guda uku daga wuyan hannu zuwa sama. Na wanke, na sa hantsaki. Abin da na ciro gutsattsarin gilashin mota ne guda bakwai, ƙanana, masu kusurwa huɗu, suna ƙara in sun faɗa cikin tasa. Duk wanda ya faɗa sai mu ji shi mu biyu.

Ban tambaye shi ba.

Ya ce, "An ce kai ne a kansa."

Na ce ni ne.

"Ya yi magana?"

Na ce ya miƙe hannun, zan ɗinka. Ba ni da maganin kashe zafi. Ɗinki ashirin da biyu, bai motsa ba, gumi kawai ke zuba daga gemunsa.

Da zai fita ya ce, "Ba don shi aka je ba."

Ban tambaye shi ba.

Lahadi, 26 ga Maris, da azahar

'Yan sanda sun zo daga Faskari, sajan ɗaya da mutum huɗu. Sun kama samari shida a zauren Yaya, sun yi musu dukan da sai da aka kawo mani biyu kafin a sa su a mota. Ɗaya haƙoransa na gaba sun zube. Shi Yaya yana gona, ba wanda ya ambace shi.

Sajan ya zauna a bencina ya buɗe littafi. Ya ce, "Malam, mamacin ya faɗi wani abu kafin ya cika?"

Na ce kalmar shahada.

Ya ce, "Akwai wanda ya zo maka da rauni tun ranar Alhamis?"

Na ce garin nan kullum ana zuwa mani da rauni.

Ya dube ni, ya rubuta, ya tafi.

Litinin, 27 ga Maris, da safe

Kalmar shahada ya yi. Wannan gaskiya ne. A mota ya yi ta, daga baya.

Litinin, bayan la'asar

Na je gidan Alhaji. Ya rame cikin kwana huɗu, rawani ya yi masa yawa. Mutanensa na cewa a fita gida gida a rama. Ya ce duk wanda ya ɗauki makami da sunan ɗansa bai yafe ba.

Ya kira ni gefe. Ya ce, "Hadi, na gode. An ce da rigarka ka tare jinin."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na rasa inda zan sa idona.

Barakatu ta fito soro ta same ni. Ta ce, "Malam, an ce ka fitar da kowa. Me Yaya Harisu ya ce maka?"

Na ce shahada.

Ta ce, "Sajan ka gaya wa haka. Ni me ya ce?"

Na ce ta koma ciki, mata na jiranta.

Talata, 28 ga Maris

Samarin shida suna can. An ce za a wuce da su kotu Funtuwa da laifin kisa. Uwar ɗaya, Suwaibatu mai ƙosai, ta zo ta zauna a bakin disfensare tun safe. Ba ta da ciwo. Ta ce ɗanta ranar yana Pauwa wajen biki, ba wanda ya saurare ta. Ta ce ni mai ilimi ne, in rubuta mata takarda.

Na rubuta mata.

Laraba, 29 ga Maris, bayan azahar

Na je canza wa Dada bandeji. Ta sa aka rufe ƙofa. Ta ce, "Wanka ba ya cin abinci. Ya daina zuwa masallaci, a ɗaki yake salla. Ni na wanke rigar da ya sa ranar Alhamis."

Na ci gaba da naɗi.

Ta ce, "Ku biyu gare ni."

Na ce na sani, Dada.

"Ita ma Hajiya, uwar Harisu, ɗa namiji ɗaya gare ta."

Ban san wanne take so in ji ba, na farko ko na biyu. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An yi layin. 'Yan sanda goma sha biyu da bindigogi a bakin filin makaranta. An karɓe sanduna har na tsofaffi.

Layin komawa ta gabas, bayan Alhaji. Layin tsayawa ta yamma. Yaya ya zo a makare, hannunsa a cikin babbar riga, bai tsaya gaba ba, ya shiga tsakiya kamar kowa. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya suna kallon juna daga layi zuwa layi. Na ga wani ya fita daga yamma ya taka filin nan shi kaɗai ya koma gabas, aka tofa masa yawu a baya.

Ni ina gindin darbejiya da akwatin magani.

Komawa ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Tsayawa ɗari biyu da talatin. Mai Gari ya faɗa sau biyu. Ba wanda ya yi tafi. Alhaji ya juya ya tafi gida tun kafin a gama addu'a.

A hanyar kasuwa an soki wani ɗan komawa a ciki. Ya rayu. Da zaren ɗinkin tela na rufe shi, na dafa a ruwan zafi.

Mun koma Tarayya.

Asabar, 1 ga Afrilu, da safe

Kwanan makoki sun wuce, Barakatu ba ta dawo ba. Na aika. Ta ce a gaya mani tana nan har sai na tuna.

Litinin, 3 ga Afrilu

Suwaibatu ta dawo. Ba a karɓi takardar ba. Ta ce ta ga ɗan nata ta taga, idonsa ɗaya ba ya buɗuwa.

Ta ce, "Malam, ko ka san wani babba?"

Talata, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Na sami Yaya a gona yana sassabe da hannun hagu. Na ce na zo cire zare. Muka zauna a gindin kaɗanya. Ciwon ya kama, sai dai yatsu biyu ba sa lanƙwasa, kuma ba za su ƙara ba.

Da na gama na mayar da almakashi cikin akwati. Na ce, "Yaya, ya yi magana."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ranar Alhamis za a wuce da yaran nan Funtuwa. Gobe zan je Faskari wurin sajan."

Ya daɗe yana kallon gonar. Ya ce, "Da rawanin ya zame, sai ya ce mani, Yaya Barau, kai ne? Har da murmushi. Ya ɗauka tunda ni ne, shi ke nan."



Ya ce, "Har yanzu ina nan a kan bakana, Hadi. Bai kamata a koma ba. Fari zai dawo."

Na ce wataƙila.

"Ƙarfe nawa za ka tashi?"

Na ce da hantsi.

Ya ce, "Ka biyo ta gida. Da hannun nan ba zan iya tuƙa keke ba."

Laraba, 5 ga Afrilu, bayan azahar

Dada ta rako mu har bakin zaure. Ta gyara wa Yaya wuyan riga, ta ce mani in bi a hankali, hanya ba kyau.

Mil goma sha huɗu a kan babur. Ya riƙe ni da hannun hagu. A kan gadar ya sa goshinsa a bayana, bai ɗaga ba sai da muka wuce.

Ni kaɗai na dawo.